KUƊIN TALLAFI DA HARAJIN VAT: ME YA HAƊA KIFI DA KASKA?

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin gina makarantar Islamiyya, ko na haƙa rijiyar burtsatse, ko na gyaran magudanar ruwa a ɗaya daga cikin zangunanmu na ƙasar nan, ya san irin farin cikin da akan yi ranar da takarda ta iso cewa wata ƙungiya ko wani ofishin jakadanci ya amince zai ba da tallafi. Akan sanar a masallaci bayan sallar Juma'a, a yi addu'a, a sa ranar aza harsashi. Sai aiki ya kai rabi, an zo sayen kwanon rufi, sannan ma'aji ya ce kuɗi sun kasa. Daga nan sai a shiga kallon juna, 'yan tsegumi su sami abin yi, mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa unguwa hidima ya wayi gari ana nuna shi da baki. Alhali kuwa sau da yawa babu wanda ya ci ko sisin kwabo. Abin da ya faru shi ne, waɗanda suka tsara lissafin aikin sun ɗauka cewa tun da kuɗin kyauta ne, to harajin VAT ba shi da hanya a kansu.

Akwai kuma ɗaya gefen. Ɗan kasuwa ko mai ƙaramin kamfani yakan karɓi kuɗi daga gwamnati ko daga wata ƙungiya, an rubuta "tallafi" ɓaro-ɓaro a kan takardar, ya kashe su hankali kwance. Bayan shekara biyu ko uku sai ma'aikatan Hukumar Tara Haraji ta Gana, wato GRA, su zo binciken littattafansa, su ce masa wannan ba kyauta ba ce, ladan aiki ne, saboda haka akwai harajin da ya kamata ya karɓa ya kai wa hukuma, ga kuma tara, ga kuɗin ruwa na jinkiri. To a wannan lokaci kuɗin sun daɗe da shigewa, sai dai ya biya daga jarinsa.

Su biyun nan abu guda ne ya ruɗe su, wato sunan da aka sa wa kuɗin. Mai karɓar haraji kuwa ba ruwansa da suna.

HARAJIN DA YA JAWO ZANGA-ZANGA

Manya daga cikin masu karatu ba su manta da yadda wannan haraji ya shigo Gana ba. A ƙasar Faransa aka fara shi a shekarar 1954, ya yaɗu cikin Turai, sannan ya gangaro Afirka. A nan gida, gwamnatin Shugaba Rawlings ce ta kawo shi ranar 1 ga watan Maris na 1995, lokacin Kwesi Botchwey yana Ministan Kuɗi, aka yanka shi kashi 17.5 cikin ɗari a madadin tsohon harajin ciniki na kashi 15. Ba a yi wa jama'a cikakken bayani ba, 'yan kasuwa da yawa kuma suka ɗora sabon harajin a kan farashin da tsohon harajin yake ciki, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Ranar 11 ga watan Mayu na wannan shekara aka yi babbar zanga-zangar nan ta Kume Preko a birnin Akra, wadda ma'anarta da harshen Tuwi ita ce a kashe ni gaba ɗaya a huta. An rasa rayuka. Cikin watan Yuni gwamnati ta janye harajin.

Sai ƙarshen watan Disamba na 1998 aka dawo da shi, a kan kashi 10, bayan an ɗauki lokaci ana wayar da kan jama'a ta rediyo da cikin kasuwanni. Daga nan ya riƙa hawa sannu a hankali. A 2000 aka ƙara kashi 2.5 domin asusun tallafa wa ilmi da ake kira GETFund, a 2004 aka zo da wani kashi 2.5 domin inshorar lafiya. A 2021 aka ƙara kashi 1 da sunan farfaɗowa daga annobar Korona, a farkon 2023 kuma aka ɗaga VAT ɗin kansa zuwa kashi 15. Ikon Allah, ɗaya daga cikin jagororin Kume Preko, Nana Akufo-Addo, shi ne Shugaban Ƙasa a lokacin da aka yi waɗannan ƙare-ƙare biyu na baya. Kujerar mulki tana da nata lissafi.

Daga 2023 zuwa ƙarshen 2025, kayan sidi 100 akan fara ɗora masa sidi 6 na ƙananan harajin nan uku, ya zama 106, sannan a yanki kashi 15 a kan 106, wato 15.9, jimla mai saye ya biya sidi 121.9. Kasafin kuɗin da Minista Cassiel Ato Forson ya gabatar a watan Nuwamba na 2025 ya sauya wannan tsari, sabuwar doka mai lamba 1151 ta fara aiki ranar 1 ga Janairu na 2026. An soke harajin Korona, an daina ɗora haraji a kan haraji, jimla ta koma kashi 20, wato 15 na VAT, 2.5 na ilmi, 2.5 na lafiya. Da wannan kashi 20 za mu yi duk lissafin da ke tafe.

Yadda harajin yake aiki ba shi da wuya. A ce mai ɗinka kayan makaranta wanda ya yi rajista ya sayi yadi na sidi 100, ya biya harajin sidi 20. Ya ɗinka ya sayar a kan sidi 150, ya karɓi harajin sidi 30 daga mai saye. Abin da zai kai wa hukuma shi ne sidi 10 kawai, domin zai cire 20 ɗin da ya riga ya biya. Shi dai ɗan aike ne. Nauyin duka yana sauka a kan mutum na ƙarshe, wanda ya saya don amfanin kansa, ba shi da wanda zai miƙa wa. Mai karatu ya riƙe wannan mutum na ƙarshe, za mu dawo kansa.

KYAUTA CE KO CINIKI?

VAT ba haraji ba ne a kan kuɗin da suka shiga hannun mutum. Haraji ne a kan ciniki, wato inda aka ba da kaya ko aka yi aiki, aka kuma biya saboda kayan ko aikin. In babu abin da aka bayar a madadin kuɗin, to babu ciniki, kuma babu abin da za a yanka wa haraji. Shi ya sa tambayar farko da ma'aikacin haraji zai yi game da kowane tallafi ita ce: me aka samu da waɗannan kuɗi, kuma wa ya samu?

Wannan bambanci ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Risala har ya kai babin kyauta, ya san cewa malaman Malikiyya sun raba kyautar da aka yi don Allah da kyautar da aka yi don a rama, suka kusantar da hukuncin ta biyun da na saye da sayarwa. Ashe tun kafin Turawa su ƙago VAT, an san cewa ba duk abin da aka kira kyauta ne kyauta ba.

Kotun Tarayyar Turai ta sha fama da wannan tambaya, kuma ko da yake hukuncinta ba ya hawa kan kotunan Gana, masana haraji a ƙasashe da dama suna ɗaukar haske daga gare shi, tun da asalin tsarin daga can ya fito. Shari'ar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta wani mutumin ƙasar Holan mai suna Tolsma, wanda yake tura akwatin kiɗa a bakin titi, masu wucewa suna jefa masa 'yan kuɗi cikin gwangwani. Ma'aikatan haraji suka ce ai sana'a yake yi, yana sayar da kiɗa, ya biya VAT. Magana ta yi ta hawa har ta kai babbar kotun, wadda ta yanke hukunci a 1994 cewa babu haraji a kansa. Dalili kuwa, babu wata yarjejeniya tsakaninsa da masu wucewa. Wani ya saurara bai ba da komai ba, wani bai ko tsaya ba ya jefa kuɗi don tausayi, kuma babu wanda ya yanka farashi. Da a ce wani ne ya ɗauke shi ya yi kiɗa a gidan biki a kan kuɗi kaza, da magana ta sauya. Makaɗanmu sun san wannan bambanci sarai, kuɗin liƙi daban, kuɗin da aka yi jinga da uwar biki daban.

Shekara biyu bayan haka, a 1996, aka yanke shari'ar wani manomi Bajamushe mai suna Mohr. A lokacin madara ta yi wa ƙasashen Turai yawa, sai hukuma ta riƙa biyan masu shanu diyya don su daina tatsa. Mohr ya karɓa, ya daina. Ma'aikatan haraji suka ce daina tatsar ma aiki ne da ya yi wa hukuma, aka biya shi. Kotu ta ce a'a, hukuma ba ta sayi komai don amfanin kanta ba, ta biya ne don daidaita kasuwa saboda maslahar kowa da kowa, babu wani takamaiman mutum da ya ci moriyar wani kaya ko aiki. Babu VAT.

Ta uku kuwa ta zo da akasin haka. A Ingila, wata ƙungiya mai suna Keeping Newcastle Warm tana shiga gidajen marasa ƙarfi tana ba su shawarar yadda za su tsimi makamashi lokacin sanyi, ana biyanta fam 10 daga asusun gwamnati a kan kowane gida da ta shiga. Ta ce wannan tallafi ne. A 2002 kotu ta ce ladan aiki ne, domin ga aiki, ga wanda aka yi wa, ga kuma farashi a kan kowane ɗaya. Kasancewar ba mai gidan ne ya biya ba, wani ne ya biya masa, bai sauya komai ba.

Wannan hukunci na uku shi ne ya fi shafar 'yan kasuwarmu. Mu ƙaddara wani maƙeri a Kumasi, wanda ya yi rajistar VAT, yana ƙera murhu mai tsimin gawayi yana sayarwa sidi 200. Wata ƙungiya ta zo ta ce masa ya riƙa sayar wa mata a kan sidi 120, ita za ta cika masa 80 a kan kowane murhu da ya fita. In ya yanki haraji a kan 120 kawai, sidi 24 ke nan. Amma farashin murhun na gaskiya 200 ne, aljihu biyu ne dai suka haɗu suka biya, saboda haka harajinsa sidi 40 ne. Bambancin sidi 16 kamar ba komai ba, sai an ce murhu 1,000 ya sayar, sannan a ga bashin sidi 16,000 ya hau kansa bai sani ba, ban da tara. Irin wannan shi ake kira tallafin da yake ɗaure da farashi, dokar Turai ma ta ambace shi da suna, ta ce a lissafa shi cikin kuɗin kaya.

Da a ce ƙungiyar ta ba shi dunƙulen kuɗi ne ya sayi injin walda ko ya horar da yaran shagonsa, ba tare da an ɗaura kuɗin a kan adadin murhun da zai sayar ko farashinsa ba, to wannan gudummawa ce, ba ta cikin ciniki. Kuma sharuɗɗan da masu ba da tallafi sukan gindaya, irin su a kawo rasit, a rubuto rahoto duk wata uku, a mayar da abin da ya rage, ba su mai da kyauta ciniki. Mai bayarwa yana tabbatar da cewa kuɗinsa sun tafi inda ya nufa ne, ba wani abu ya saya ba.

Inda ƙungiyoyin matasanmu sukan zame shi ne wajen aikin bincike da talla. A ce wata cibiya ta biya su kuɗi su zaga Nima da Mamobi gida-gida su tattaro bayanai, su miƙa mata rahoton da zai zama mallakarta, ta yi abin da ta ga dama da shi. Ko an kira kuɗin tallafi sau goma cikin takardar, aiki aka ba su suka yi. Haka nan kamfanin da ya ba da kuɗin gasar ƙwallo ta bikin Sallah, bisa sharaɗin a manna sunansa a riguna, a kafa allunansa kewaye da fili, a bar shi shi kaɗai ya sayar da kayansa a wurin, wannan talla ya saya. Amma wanda ya ba da gudummawa aka yi masa godiya a lasifika kawai, babu abin da aka sayar masa. Sannan kada a ruɗu da cewa kuɗin daga waje suka zo, da dala ko da riyal. Abin da ake dubawa shi ne inda aka ci moriyar aikin, ba ƙasar da kuɗin suka fito ba.

Sai dai ba kowa ne wannan nauyi ya hau kansa ba, sai wanda ya kai matsayin rajista. Da can akan yi rajista in cinikin shekara ya kai sidi 200,000, sabuwar doka ta ɗaga wa masu sayar da kaya zuwa sidi 750,000. A lura, wannan adadi na masu sayar da kaya ne, mai yin aikin hidima kada ya jingina da shi. Kyauta tsantsa ba ta shiga lissafin cinikin shekara, amma ladan aikin da aka laƙaba wa sunan tallafi yana shiga, har ma yana iya tsallakar da mutum iyakar bai farga ba.

Misali na kusa shi ne Asusun Raya Zango, wanda Majalisa ta kafa da doka mai lamba 964 ta 2017. In asusun ya gina wa unguwa ajujuwa ko ya haƙa rijiya, mutanen unguwa kyauta suka samu, babu mai tambayarsu komai. Amma ɗan kwangilar da ya yi ginin ba kyauta ya samu ba, aiki ya sayar wa asusun, kuma kwangilarsa kamar kowace kwangila take a idon GRA. Ɗan kwangilar da ya shigar da farashi ya manta da wannan, don wai aikin taimakon 'yan'uwa ne, ribarsa ce za ta tafi.

TAKI DA WUTAR LANTARKI

Wani zai ce, to ai gwamnati ta daɗe tana biyan wani ɓangare na kuɗin takin zamani, ba mu taɓa jin an yi rigimar VAT a kai ba. Gaskiya ne. An fara shirin rangwamen taki a 2008, a 2017 kuma shirin noma don abinci da ayyukan yi ya zo da biyan rabin kuɗin kowane buhu, kafin a sauya shi a watan Agusta na 2023 zuwa ba da kayan noma bashi. Wannan tallafi ne ɗaure da farashi ƙarara, irin na maƙerin Kumasi. Abin da ya raba su shi ne, taki da iri suna cikin kayan da doka ta keɓe daga VAT tun asali, tare da amfanin gona ɗanye na cikin gida, da karatu, da aikin asibiti. Kayan da ba a yanka wa haraji, ko mutum biyu ne suka haɗu suka biya kuɗinsa, babu abin da za a yanka. Matsalar takin ta wani wuri ta ɓullo, wato masu fasa-ƙwauri da suka riƙa tsallakar da buhunan zuwa Burkina Faso da Togo.

Keɓewar nan ita ma wani nau'in tallafi ce, sai dai ba a ganinta a takarda, shi ya sa mutane ba su san da ita ba sai ranar da aka zo cirewa. An ga haka a farkon 2024, lokacin da Ma'aikatar Kuɗi ta umarci kamfanonin raba wuta su fara karɓar VAT na kashi 15 daga gidajen da shan wutarsu ya wuce mafi ƙarancin mataki. Ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta ce ba ta yarda ba, ta sa ranar zanga-zanga, cikin watan Fabrairu gwamnati ta dakatar da shirin. Da alama akwai waɗanda ba su manta da 1995 ba.

MUTUM NA ƘARSHE

Yanzu mu koma kan kwamitin makarantarmu. Tallafin da suka karɓa kyauta ce tsantsa, babu VAT a kan karɓarsa, wannan babu gardama. Amma ranar da ma'aji ya shiga shagon siminti, shi mai saye ne kamar kowa, mai shago kuma ba shi da ikon ya ɗauke masa haraji don ya ce aikin Allah ne. Makarantar kuwa ba za ta iya neman a mayar mata da abin da ta biya ba, domin karatu yana cikin abubuwan da aka keɓe, wanda kuma cinikinsa keɓaɓɓe ne ba ya karɓar haraji, ba a kuma mayar masa da wanda ya biya. Wannan ya sha bamban da mai fitar da kaya ƙasashen waje, wanda ake yanka wa harajin sifili, wato ba ya karɓar komai daga mai saye amma yana da haƙƙin a mayar masa da abin da ya kashe. A baki kamar abu ɗaya ne, a aljihu kuwa tazarar tana da yawa. Makaranta da asibiti da masallaci, su ne mutumin nan na ƙarshe da nauyi yake sauka kansa.

Ga lissafin. In aka ba kwamiti sidi 120,000, kuma duk kayan da za su saya masu haraji ne, to kayan sidi 100,000 kawai za su samu, 20,000 na hukuma ne. Wato kashi ɗaya bisa shida na tallafin. In kuwa aikin yana bukatar kayan sidi 120,000 kafin haraji, abin da ya kamata su roƙa tun farko shi ne 144,000. Sidi 24,000 ɗin nan da ba a roƙa ba, su ne kwanon rufin da ya gagara. Wasu sukan ce to sai mu saya wurin ƙananan 'yan kasuwa marasa rajista. Ba laifi ba ne, amma harajin yana nan ɓoye cikin farashinsu, tun da su ma sun biya a wurin babban dila, ga shi kuma masu ba da tallafi da yawa ba su karɓar rasit ɗin da aka rubuta da hannu a kan takardar littafi.

Wani abin da yake ruɗa shugabannin ƙungiyoyi shi ne takardar shaidar ƙungiyar jinƙai da Kwamishina Janar na GRA yake bayarwa. Wannan takarda ƙarƙashin dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 take, abin da take karewa shi ne kuɗin da suka shigo wa ƙungiya. Ba ta hana mai shago ya ɗora VAT a kan fenti.

A ganina a nan dokarmu tana da gyara. Gwamnati ce take kiran al'umma su tashi su taimaki kansu, in sun taimaki kansu sun gina aji kuma ta ɗebi kashi ɗaya bisa shida na abin da suka roƙo. Afirka ta Kudu ta bi wata hanya tun 2005, ta sa harajin sifili a kan tallafin da hukumomin gwamnati suke ba waɗanda suka yi rajista, don kada haraji ya cinye abin da aka bayar. Amma in za a yi adalci, dole a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Ƙofar yafe haraji, da zarar an buɗe ta, ba masu gina makaranta ne suke fara shiga ba, masu dogon hannu ne, sai ka ga simintin da aka ce na marayu ne ya koma gidan haya a wata unguwa. Bugu da ƙari, kashi 2.5 na abin da kwamitin ya biya yana tafiya GETFund ne, wanda shi ma ajujuwa yake ginawa.

KAYAN KYAUTA A BAKIN TEKU

Inda aka fi shan wahala shi ne tashar jiragen ruwa ta Tema. 'Yan'uwanmu da ke Jamus ko Amurka ko Saudiyya sukan haɗa kwantena guda na gadajen asibiti, ko kwamfutoci, ko kujerun makaranta, su turo, su bugo waya cewa ga sadaka nan tafe. Kayan da suka shigo ƙasa ana yanka musu kuɗin fito da VAT bisa ƙimarsu, ko saye aka yi ko kyauta. Babu kuma wani ma'aikacin kwastan da yake da ikon yafewa don tausayi, domin sashe na 174 na Tsarin Mulkin 1992 ya ɗora maganar yafe haraji a kan amincewar Majalisa. A 2022 aka yi doka ta musamman mai lamba 1083 wadda ta tattara ƙa'idojin yafewa wuri guda, ta kuma tanadi hanya ga kayan gudummawa na ilmi da na lafiya. Amma hanya ce ta takarda, ana bi ta ma'aikatar da abin ya shafa zuwa Ma'aikatar Kuɗi, kuma tana cin lokaci. Wanda ya bari sai kwantena ta sauka sannan ya fara yawon ofis-ofis, kuɗin ajiya suna hawa kansa kullum, in aka yi rashin sa'a wa'adi ya cika, kayan su faɗa gwanjo. Takarda ita ya kamata ta riga jirgi tashi.

Haka kuma sassaucin da ofisoshin jakadanci da manyan hukumomin duniya suke da shi nasu ne, bisa yarjejeniyarsu da gwamnati. Ba ya bin kuɗinsu ya shiga hannun ƙaramar ƙungiyar da suka ba tallafi, sai in an rubuta haka an kuma amince. Saboda haka tambaya ce da ya kamata sakatare ya yi tun ranar zaman farko, ba tare da jin kunya ba: wannan kuɗi, da haraji a ciki ko babu? Wasu masu bayarwa sukan ce su ba su biyan harajin wata ƙasa da kuɗinsu. In haka ne, sai kwamiti ya san cewa akwai kashi 20 na kuɗin kaya da zai nemo daga aljihun jama'a, a faɗa musu tun kafin a haƙa harsashi.

Ga ɗan kasuwa kuwa, kafin ya sa hannu ya duba ko an ambaci adadin kaya, ko farashin kowane ɗaya, ko wani abu da zai miƙa wa mai ba da kuɗin. In akwai ɗaya daga cikinsu, ya nemi a rubuta a fili cewa za a ƙara VAT a kan kuɗin, domin in takarda ta yi shiru, abin da aka ba shi ke nan, daga ciki zai fitar. In abin ya shige masa duhu, dokar gudanar da haraji ta 2016, mai lamba 915, ta ba shi damar rubuta wa Kwamishina Janar ya nemi hukunci a rubuce game da yarjejeniyarsa tun kafin ya fara aiki. Dokar ta kuma wajabta ajiye takardu na shekara 6, wato yarjejeniyar da rasit-rasit da wasiƙun da aka yi musaya, su ne shaidarsa ranar bincike. In har an yanko masa harajin da bai yarda da shi ba, kwana 30 gare shi ya shigar da ƙorafi a rubuce, kuma a ƙa'ida sai ya fara biyan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ake gardama a kai kafin a saurare shi.